Kafin zuwan rabbi: wa ke riƙe da Haikali, wa ke riƙe da majami'a?

Ɗalibin Samaru:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga iyayenmu masana tarihi. Gardama ce ta kaure tsakanina da wani abokin karatuna kan Yahudawan da, na zamanin Rumawa da kafin nan. Shi ya dage rabbi, wato malamin Yahudawa, shi ne jagoran ibadarsu tun fil azal, shi ke gaba a Haikalin Ƙudus, shi ke gaba a majami'u. Ni kuma raina bai kwanta da haka ba, sai dai ba ni da hujjar da zan kafa masa. Shin Haikali da majami'a abu ɗaya ne, girma kawai ya raba su? Kuma wa ke shugabanci a kowanne?

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Abokin naka ya ɗauki zamani biyu ya ɗaure su da igiya ɗaya. Haikali wurin yanka ne, da ƙona hadaya, da turare. Majami'a wurin taruwa ne a karanta Attaura. Ko tantabara ba a yankawa a majami'a. Haikali kuma a dokarsu ɗaya tak ake so, a Ƙudus. Na farko, wanda ake dangantawa da Annabi Sulaiman (AS), Bukhtanasar sarkin Babila ya ƙone shi wajen 586 kafin Miladiyya. Na biyu an gama shi wajen 516, bayan Farisawa sun ba su izinin komawa gida. Sarki Hirudus ya sake gina shi ya faɗaɗa farfajiyarsa tun wajen shekara ta 20 kafin Miladiyya, Rumawa suka ƙone shi a shekara ta 70 Miladiyya.

Masu aiki a ciki gado suke yi. Kohen, wato firist, sai ya fito daga tsatson Annabi Haruna (AS) ta wajen uba. Ko ka haddace Attaura daga bango zuwa bango, in ubanka ba kohen ba ne, ƙafarka ba za ta taka gindin bagade, wato wurin ƙona hadaya, ba. Ƙarƙashinsu akwai Lawiyawa, su ke waƙa, su ke tsaron ƙofofi. An kasa firistocin kashi 24, kowane kashi ya zo ya yi mako guda ya koma, ban da lokacin manyan idi da kowa ke hallara. Saboda haka da yawansu a ƙauye suke zaune, sai lokacinsu ya zagayo su hau zuwa birni. A saman kowa akwai babban firist.

Rabbi a matsayin laƙabin da ake naɗa malami da shi, bayan rushewar Haikali ya kafu. Hillel da Shammai, manyan malaman da suka yi zamani da Hirudus, da sunansu zalla ake kiran su.

'Yar Wusasa:
Sannu da ƙoƙari, Baba. Maganar kashi 24 ɗin nan tana nan a farkon Linjilar Luka. Zakariya, mahaifin Yahaya, na ƙungiyar Abiya ne, kuma ƙuri'a ce ta faɗo a kansa ya shiga ƙona turare, jama'a suna waje suna addu'a. Amma Baba, ka yi mini haƙuri, a Linjila ai mutane suna kiran Yesu da Rabbi, kuma wannan kusan shekara 40 ne kafin a rushe Haikali. Yaya za a ce laƙabin bai wanzu ba?

Baba Mai Ritaya:
'Yata, kiran girmamawa daban, naɗi daban. Almajiri ya ce wa malaminsa "ya shugabana" tun kafin 70 ana yi. Abin da ya zo daga baya shi ne a ce Rabbi wane, wanda malamansa suka ɗora masa hannu suka ba shi izinin yanke hukunci. Kuma ko da aka fara haka, ba shi ya mai da shi shugaban majami'a ba. Zan zo kan wannan.

Gardin Damagaram:
Allah ya gafarta Malam. Ina so in ƙara daga ɓangarenmu. A Suratu Ali Imrana, mala'iku sun kira Annabi Zakariyya yana tsaye yana salla a cikin mihrabi, kuma a mihrabin ne yake shiga wurin Nana Maryam. A Suratul Ma'ida aya ta 44 an ambaci rabbaniyyuna da ahbaru suna hukunci da Attaura. A Suratul Hajji aya ta 40 kuwa an jera wuraren ibada huɗu da za a rusa ba don Allah yana kare sashen mutane da sashe ba, kuma malaman tafsiri da yawa sun ce salawatun da ke cikin jerin su ne wuraren ibadar Yahudawa. To ka ga mu ma mun san akwai masu hidimar ɗaki, akwai kuma masu ilimin littafi.

Bakatsine:
Ni abin da na taɓa ji a wa'azi ya fi ba ni sha'awa. Wai babban firist ɗin in zai shiga ƙuryar can ta ciki, igiya ake ɗaura masa a ƙafa, in ya faɗi ya mutu a janyo gawarsa, tunda ba mai iya shiga. Haka ne, Baba, ko ƙarin gishiri ne?

Baba Mai Ritaya:
Gishiri ne, Bakatsine, har ya yi yawa. Ba ya cikin Attaura, ba ya cikin Mishna, littafin dokokin da malamansu suka tattara, Yusifus marubucin tarihi ma da ya kasance firist ya kuma ga Haikalin da idonsa bai faɗe shi ba. Sai a rubuce-rubucen da suka zo fiye da shekara dubu bayan rushewar Haikali labarin ya ɓullo.

Abin da yake tabbas shi ne ƙuryar, Wuri Mafi Tsarki, mutum ɗaya ke shigarta, rana ɗaya a shekara, Ranar Kafara. Kuma a Haikali na biyu ɗakin wayam yake, akwatin alkawari ya ɓace tun zamanin Babila. Da janar ɗin Rum Pompey ya ci birnin a 63 kafin Miladiyya ya kutsa ciki don ya ga abin da ake ɓoyewa, bai tarar da gunki ba.

Tsarin wurin kansa tsani ne. Farfajiyar waje kowa na iya shiga, har wanda ba Bayahude ba. Sai wani ɗan shinge, da allunan dutse da aka rubuta gargaɗi a kai: baƙon da ya ƙetare ya kuka da kansa, ransa ne a bakinsa. An tsinci ɗaya daga allunan nan a 1871, da rubutun Girkanci, yanzu yana gidan tarihi a Istanbul. Bayan shingen sai farfajiyar mata, wadda maza ma ke tsayawa a ciki, sai dai nan ce iyakar mata. Sai ta mazan Isra'ila, sai ta firistoci inda bagade yake, sai ɗakin kansa. Kowane taku da ka yi gaba, mutane suna raguwa.

Amma ka karanta yadda Mishna ta ba da labarin shirin Ranar Kafara ka sha mamaki. Kwana bakwai kafin ranar ake keɓe babban firist daga gidansa. Dattawa su karanta masa tsarin aikin, su ce ya karanta da bakinsa, ko ya manta, ko ma bai taɓa koya ba. Su sa shi ya rantse ba zai canza komai ba. Daren ranar kuma samarin firistoci su hana shi barci. Malaman da suka rubuta wannan wajen shekara ta 200 suna nuna mana ne cewa mai rigar shi ne a gaba, amma ilimin yana hannunsu. Su ne ma suka ce shege mai ilimi yana gaba da babban firist jahili.

Bakatsine:
Tirƙashi. To in dai gado ne, yaya aka yi jahili ya hau?

Baba Mai Ritaya:
Ai gado shi ke hawar da jahili, ɗana. Kuma daga baya ma gadon ya lalace. Wajen 175 kafin Miladiyya, Yason ya biya sarki Antiyokus na huɗu kuɗi ya karɓe kujerar daga ɗan'uwansa. Bayan shekara uku Menelaus ya ɗora talanti 300 na azurfa a kan abin da Yason ke bayarwa, ya ture shi. Gidan Makabiyawa, firistocin da suka yi wa Antiyokus tawaye, suka zo suka haɗa firistanci da mulki, daga baya har da sunan sarki. Hirudus kuwa ba firist ba ne, ba zai iya sa rigar ba, sai ya mai da kujerar abin naɗawa da tuɓewa. Ƙanen matarsa Aristobulus, saurayi ɗan shekara 17 zuwa 18, ya naɗa shi, da ya ga jama'a sun so shi sai aka nutsar da shi a tafkin wanka a Yariko. Yusifus ya ƙirga manyan firistoci 28 daga Hirudus zuwa rushewar Haikali. Akwai lokacin da Rumawa ke kulle kayan babban firist a sansaninsu na Antoniya, sai idi ya gabato su fito da su. Kayafa da ya daɗe, daga 18 zuwa 36 Miladiyya, gwamnan Rum ne ya naɗa shi, Rumawa kuma suka sauke shi. Na ƙarshensu, Finehas, ɗan ƙauye ne da masu yi wa Rumawa tawaye suka zaɓa da ƙuri'a.

Ɗan Agadas:
Baba, gafara dai, ina da ja kan "ɗaya tak". A tsibirin Elefantin, kudancin Masar daura da Aswan, sojojin haya Yahudawa suna da haikalinsu, da firistoci, suna yanka. Firistocin gunkin Khnum suka haɗa baki da wani kwamandan Farisa suka rushe shi a 410 kafin Miladiyya. Takardar kokensu ta 407 tana nan har yau, da Aramanci, zuwa ga gwamnan Yahudiya. A ciki suna cewa sun rubuta wa babban firist na Ƙudus bai ba su amsa ba. Akwai kuma na Oniya a Leyontofolis, shi ma a Masar, wanda ɗan gidan manyan firistoci ya gina a ƙarni na biyu kafin Miladiyya, ya yi fiye da shekara 200 yana aiki har Rumawa suka rufe shi 'yan shekaru bayan na Ƙudus. A cikin ƙasar Yahuda ma an tono ɗakin ibada da bagade a sansanin Arad. Ina ɗaya tak ɗin?

Baba Mai Ritaya:
"A dokarsu" na ce, Ɗan Agadas, koma sama ka duba. Abin da doka ta ce da abin da mutane suka yi ba kullum suke tafiya tare ba. In da kowa ya bi, da sarki Yosiya bai fita rushe wuraren yanka na kan tuddai wajen 622 kafin Miladiyya ba. Kuma ka lura da amsar da 'yan Elefantin suka samu: a sake ginawa, a miƙa gari da turare. Ba a ambaci hadayar ƙonawa ba.

Ɗan Agadas:
Wannan shirun kan dabba ana iya cewa don kada a sake tsokano masu bautar rago ne, tunda Khnum kan rago gare shi. Ba lallai don girmama Ƙudus ba.

Baba Mai Ritaya:
Ana iya cewa. Dalilan biyu ma ba sa korar juna.

Ɗalibin Samaru:
Na gode ƙwarai, iyayena. To majami'a fa? Bayan an rushe Haikali aka ƙirƙiro ta don ta maye gurbinsa?

'Yar Wusasa:
A'a, ƙanena, tare suka rayu. Yesu ya karanta littafin Ishaya a majami'ar Nazarat alhali Haikali na tsaye a Urushalima, wato Ƙudus. Mu dai a makaranta an koya mana a zaman bauta na Babila aka fara ta, da mutane suka rasa wurin hadaya.

Baba Mai Ritaya:
Haka littattafan makaranta suka daɗe suna faɗa, kuma hankali ya ɗauka. Sai dai hasashe ne. Shaida mafi tsufa da ke hannu daga Masar ta fito, ba Babila ba: rubutun dutse na zamanin sarki Batlamiyus na uku, wanda ya yi mulki daga 246 zuwa 221 kafin Miladiyya, inda Yahudawa suka keɓe "gidan addu'a" don girmama sarki da sarauniya. Ɗaya a Skediya kusa da Iskandariyya, ɗaya a yankin Fayyum.

A ƙasar Falasɗinu kuwa waɗanda aka tono na kafin 70, irin na Gamla da Masada da Magdala wadda aka gano a 2009, zaure ne kawai mai dakali a jikin bango kewaye, mutane suna fuskantar juna, tsakiya fili. Wanda ya tsara wurin don a saurara a kuma yi magana ya tsara shi. A nan ake shari'a, a nan ake bulala, Bulus na Sabon Alkawari ma ya ce sau biyar ya sha arba'in ba ɗaya. Yusifus ya ba da labarin taron siyasa mai zafi a gidan addu'ar Tibariya lokacin tawaye. A bakin Bahar Aswad kuma a majami'a ake 'yanta bayi, jama'a su zama shaida.

Yanzu ga dutsen da za ka kai wa abokinka. A 1913 zuwa 1914 aka tono shi a Ƙudus, kudu da farfajiyar Haikali, kuma mafi yawan masana sun ce na kafin 70 ne. Wani Tiyodotus ɗan Betenus ya ce shi firist ne kuma arkisinagogos, wato shugaban majami'a, ubansa ma haka, kakansa ma haka. Ya ce ya gina majami'ar don karatun Attaura da koyar da dokoki, ya gina masauki da ɗakuna da wurin ruwa don baƙin da suka zo daga nesa. Karanta shi sau goma ba za ka ga rabbi ba. Addu'a ma bai ambata ba.

'Yar Wusasa:
Wannan ya yi daidai da abin da muke gani a Sabon Alkawari. Yayirus shugaban majami'a ne, Kirisbus na Koranti ma haka. Kuma aikinsu ya fito fili a Ayyukan Manzanni sura 13: bayan an gama karatun Attaura da Annabawa a Antakiya ta Bisidiya, shugabannin majami'a suka aika wa Bulus da Barnaba cewa in suna da kalmar gargaɗi su faɗa. Su ba su yi wa'azin ba, su ne masu ba da dama. A Nazarat kuma akwai ma'aikacin da Yesu ya mayar wa littafin bayan ya naɗe shi.

Baba Mai Ritaya:
Shi ne hazzan. Yau mai rera addu'a ake kira haka, amma a da shi ke ɗauko littafi, shi ke busa ƙaho ranar Juma'a da yamma a daina aiki, shi ke yin bulalar. A babbar majami'ar Iskandariyya, an ce saboda girmanta tuta yake kaɗawa don na baya su san lokacin cewa amin. Mishna ma ta nuna jerin a Ranar Kafara: hazzan ya ɗauki littafi ya ba shugaban majami'a, shi ya ba mataimakin babban firist, shi kuma ya ba babban firist.

Bakatsine:
Baba, bari in faɗi abin da kowa ya gani ya yi shiru. Wannan Tiyodotus ɗin attajiri ne kawai. Ya gina zaure, ya gina masauki, sunan kuma gadonsa ya yi daga uba da kaka. Irin sarautar da fada ke ba mai kuɗi ce, a naɗa masa rawani a busa algaita, amma ko kajin unguwa ba ya mulka.

Baba Mai Ritaya:
Rabin maganarka gaskiya ce. Kuɗi na ciki dumu-dumu. A Akmoniya, cikin Turkiyya ta yau, wata Yuliya Sebera ce ta gina wa Yahudawa gidan taronsu a zamanin Nero, alhali ita babbar mai hidimar bautar sarkin Rum ce. Daga baya waɗanda suka gyara ginin da kuɗinsu, ɗayansu an kira shi shugaban majami'a "na tsawon rayuwarsa". A Benosa ta Italiya akwai kabarin yaro ɗan shekara 3 da aka rubuta masa wannan laƙabin. Yaro ɗan shekara 3 ba ya ba kowa damar wa'azi. Amma ɗaya rabin, wanda ya tsawata wa jama'a a Luka sura 13 don an warkar da mace ran Asabar, iko yake nunawa. Laƙabi ɗaya ne, amma ya ratsa ƙarni biyar ko shida, daga Rum har Siriya, ba zai yi ma'ana ɗaya ko'ina ba.

Hajiya Uwar Marayu:
Tun ɗazu ina karantawa ina jira in ga wanda zai ambaci Rufina, ba wanda ya yi. A Simirna, Izmir ta yau, an sami dutsen kabari: Rufina, Bayahudiya, arkisinagogos, ta gina wannan kabari don bayinta da ta 'yanta da waɗanda suka tashi a gidanta. Wanda ya binne wani a ciki ba izini zai biya tarar dinari 1,500 ga baitulmali, 1,000 ga al'ummar Yahudawa. Ba sunan miji a kan dutsen ko ɗaya. A Rum kuma akwai Beturiya Paula, wadda ta shiga Yahudanci tana da shekara 70, ta rasu tana 86, ita ce "uwar majami'a" ta majami'u biyu. Shekara da shekaru masana suna cewa sunan mijin ne aka yafa wa matar, har Bernadette Brooten ta tattara duwatsun nan a 1982 ta tambaye su: me ya sa in namiji ne laƙabin aiki ne, in mace ce sai ya zama ado?

Bakatsine:
Hajiya, ranki ya daɗe, an ce da kare ana biki a gidansu ya ce in gani a ƙasa. Dutsen ya nuna tana da kuɗi da bayi. Bai nuna ta tsaya gaban maza ta ce wane tashi ka karanta ba. Ga yaron Benosa nan, shi ma laƙabin gare shi.

Hajiya Uwar Marayu:
To dutsen Tiyodotus ya nuna ya tsaya gaban maza? Gini ya ce ya yi. Ka auna su da mudu ɗaya mana. In ka ce laƙabin na masu riƙe da aljihun jama'a ne, na yarda, amma sai ka yarda Rufina tana riƙe da shi kamar kowane namiji. Kuma kai da ka kawo maganar fada, ka san akwai sarautun mata da ke da aiki na gaske da mutanen da ke ƙarƙashinsu. Yaro gadon gidansu aka rubuta masa. Ita kuwa babbar mace ce da ke sa tara da sunanta. A Fokiya ma wata Tatiyon da ta gina majami'a, jama'a sun ba ta kambin zinariya da kujerar gaba. Kujerar gaba, Bakatsine. A gaban wa take zaune, in mata suna bayan labule?

Bakatsine:
Kujerar gaba ai ko a biki mai kuɗi ake ba.

Sabon Shiga:
Duk wannan surutu kan mutanen da ke zaluntar 'yan'uwanmu a yau? Me amfanin koyon tarihinsu?

Mai Gadin Zaure:
Malam, barka da zuwa. Zancen nan na shekara dubu biyu da suka wuce ne, kuma annabawan da aka ambata namu ne duka. Maganar yau tana da nata zauren, a kai ta can. A ci gaba.

Gardin Damagaram:
Allah ya gafarta Malam, ka ce za ka dawo kan rabbi. In ba ya Haikali, ba ya shugabancin majami'a, to ina yake, kuma yaya aka yi ya cinye duka?

Baba Mai Ritaya:
Yana gidan karatu da almajiransa, yana kuma wurin shari'a. Da Haikali ya faɗi, firist ya rasa bagade. Harajin rabin shekel da kowane namiji ke aikawa Ƙudus, Rumawa suka karkatar da shi zuwa haikalin Jupiter a Rum. Yohanan ɗan Zakkai ya tara malamai a Yabne, kusa da bakin teku, suka fara tsara yadda za a rayu ba hadaya: addu'a a lokutan da ake yanka, karatu, sadaka. Wajen shekara ta 200 Yahuda, wanda ake kira nasi, wato shugaba, ya tattara Mishna. Shi nasi gidan gado ne, Rumawa sun san da shi, yana aika manzanni su karɓo kuɗi daga al'ummomi, har aka kashe kujerar wajen 425. A Babila kuma akwai resh galuta, shugaban masu zaman hijira, wanda Larabawa suka sani da Ra'asul Jalut, shi ma gado, yana da'awar tsatson Annabi Dawuda (AS).

Amma kada ka ɗauka majami'u sun miƙa wuya nan take. Dubi ta Dura Yuropos a bakin Furatu cikin Siriya, wadda aka gama wajen 245, aka tono a 1932. Bangonta cike da zanen Musa da Haruna da sauran labaran littafi, har da hannu da ke fitowa daga sama. Shugaban da aka rubuta sunansa a rufin, Sama'ila, firist ne kuma dattijon jama'a. Dubi ta Bet Alfa ta ƙarni na shida: a tsakiyar daɓen ga taurarin buruji 12, ga surar rana a kan keken doki. Wanda ya zauna ya karanta Mishna kaɗai ba zai taɓa zaton haka majami'a take ba. A ganina mutanen gari ne da masu kuɗinsu ke gina abinsu yadda suka ga dama, malamai suna gefe suna gunaguni, wani lokaci suna kau da kai. Ƙarnoni aka ɗauka kafin maganarsu ta zama ita ce doka. Rabbin da jama'a ke ɗauka aiki da albashi ya zauna a majami'a ɗaya, wannan sai can a Turai na tsakiyar zamani.

'Yar Wusasa:
Su firistocin fa, Baba, shi ke nan sun ɓace?

Baba Mai Ritaya:
Suna nan. Mai sunan Kohen ko Cohen yawanci daga nan sunan ya fito. Har yau a majami'un masu riƙo da gargajiya, in za a karanta Attaura kohen ake fara kira, sai Balawi, sai sauran jama'a, kuma Mishna ta ce an yi haka ne don zaman lafiya. Su ke ɗaga hannu su sa wa jama'a albarka. Kohen ba ya kusantar gawa sai ta dangi na kusa, ba ya auren sakakkiya. Abin da ya rage musu ke nan.

Ɗan Agadas:
Sai dai akwai inda babban firist bai yanke ba. Samariyawa. Su ma Attaura suke bi, littattafai biyar na Musa kaɗai, amma wurinsu mai tsarki Dutsen Gerizim ne kusa da Nablus, ba Ƙudus ba. Yohana Hirkanus na gidan Makabiyawa ya rushe haikalinsu a ƙarshen ƙarni na biyu kafin Miladiyya. Yau ba su kai dubu ba, rabi a kan dutsen, rabi a Holon kusa da Tel Abib. Suna da babban firist, kuma duk shekara a Idin Ƙetarewa suna yanka tumaki a kan dutsen su gasa a rami, ba tare da haikali ba.

Bakatsine:
To su wa ke naɗa musu shi, tunda ba Hirudus ba Rumawa?

Ɗan Agadas:
Ba mai naɗawa. Zuriyar da ta daɗe tana riƙe da kujerar ta ƙare a 1624, ta koma wani gidan firistoci, kuma a cikinsu wanda ya fi kowa shekaru shi ke hawa idan na kai ya rasu.